DAGA ALJANUN BAGADAZA ZUWA KAN SARKI: TARIHIN EDMUND DULAC, MAI ZANE

Gabatarwa

 Da sakataren ƙungiya ya nemi in rubuto wani abu na tarihi, na san abin da yake tsammani shi ne tarihin wani basarake ko wani ɗan siyasa. Amma sai na zaɓi tarihin wani mai zane, Bafaranshe, wanda ya rasu tun kafin a haifi da yawa daga cikin iyayenmu. Ina roƙon masu karatu su yi haƙuri su bi ni zuwa ƙarshe, za su ga dalili.

'Yan ajinmu za su iya tuna wani tsohon littafi na Turanci da ke cikin kabad ɗin da ake kullewa a laburare, wanda mai kula da laburaren ba ya bayarwa sai dai a duba a gabansa. Labaran Dare Dubu da Ɗaya ne a ciki. Yawancinmu ba karatun muke zuwa yi ba, hotunan muke zuwa kallo: aljani yana fitowa daga tulu kamar hayaƙi a gaban masunci, dokin sihiri yana tafe da ɗan sarki a sararin sama, ɓarayi arba'in da manyan rawuna. Akwai wani shuɗin launi na dare a cikin hotunan nan wanda har yau ban ga irinsa ba. A ƙasan kowane hoto akwai ɗan ƙaramin sa hannu, ban taɓa damuwa in karanta shi ba sai bayan na gama jami'a na kama aikin gwamnati, ranar da na sake cin karo da hotunan a intanet. Sunan shi ne Edmund Dulac. Tun daga ranar na shiga bin diddigin rayuwarsa, kuma abin da na tarar ya sha bamban da abin da nake zato. Ina tsammanin zan ga mutum mai zaman kansa da ke zana abin da ransa ya raya masa. Sai na tarar da ɗan kwangila, wanda kusan duk abin da ya zana cikin shekara 48 wani ne ya ba shi aikin, ya yanka masa wa'adi, ya biya shi.

Tasowarsa

An haifi Dulac ran 22 ga watan Oktoba, 1882, a birnin Tulus da ke kudancin Faransa. Kamar yadda da yawanmu muka yi, shi ma ya fara da karatun da ake ganin yana da makoma, wato ya shiga jami'ar garinsu yana karanta aikin lauya, yana kuma zuwa makarantar koyon zane a gefe. Bayan kimanin shekara 2 sai ya ajiye littattafan shari'a ya rungumi zane gaba ɗaya. A 1904 ya ɗan taɓa zama a wata makarantar zane a birnin Faris, daga nan ya tsallaka zuwa Landan, inda a lokacin kasuwar littattafai masu hotuna take ci. Ya ƙaunaci Ingila har ya sauya rubutun sunansa daga Edmond na Faransanci zuwa Edmund na Ingilishi, kuma a 1912 ya zama ɗan ƙasa.

Aikinsa na farko mai tsoka ya zo a 1905, yana ɗan shekara 22, lokacin da kamfanin buga littattafai na J. M. Dent ya ba shi kwangilar yi wa littattafan 'yan uwan nan mata, su Brontë, hotuna, ciki har da Jane Eyre wanda wasunmu suka sha fama da shi a darasin adabin Turanci. Ya kuma riƙa yi wa mujallar Pall Mall zane. Babu aljani ko dodo a waɗannan ayyuka, amma su ne suka nuna wa masu maɗaba'a cewa yaron nan yana da hannu, kuma yana kawo aiki a kan lokaci.

Zamanin littattafan kyauta

Domin a fahimci yadda tauraronsa ya haska, dole a san abin da ya faru a maɗaba'u a ƙarshen ƙarni na 19. Kafin lokacin, in ana so a buga hoto mai launi, sai an sami wani gwani ya sake sassaƙa shi a kan katako ko dutse, abin da zai fito kuwa ba lalle ya yi kama da na asali ba. Sai aka ƙware a wata sabuwar dabara: a ɗauki hoton zanen da kyamara sau uku, kowane ta bayan gilashi mai launi daban, a yi faranti uku, a buga rawaya da ja da shuɗi ɗaya a kan ɗaya. Ta haka fentin ruwa ya riƙa fitowa a takarda kusan yadda mai zane ya shafa shi. Matsalar ita ce sai a kan takarda mai santsi ake iya bugawa. Wannan shi ya sa ake buga hoton daban, a manna shi da hannu a kan shafi mai kauri, a rufa masa siririyar takarda. 'Yan ajinmu za su tuna yadda muke ɗaga wannan siririyar takarda a hankali, kamar ana buɗe fuskar amarya.

Da wannan dabara aka sami wata sabuwar haja, wato manyan littattafai masu tsada da ake fitarwa gab da Kirsimeti domin masu hali su saya su yi kyauta. Wanda ya buɗe kasuwar shi ne Arthur Rackham, da Rip Van Winkle a 1905. Da aka ga riba, sai aka shiga neman wani mai zanen da zai yi gogayya da shi. A nan ne wani gidan baje kolin zane-zane na Landan mai suna Leicester Galleries ya ɗauki Dulac a kan wani tsari mai ban sha'awa. Gidan ne ke ba shi kwangilar zanen, sa'an nan ya sayar wa kamfanin Hodder & Stoughton izinin bugawa a littafi, bayan littafi ya fito kuma a baje ainihin zanen a sayar wa masu sha'awa. Ke nan zane ɗaya ana cin kasuwarsa sau biyu. Shi kuma Dulac ya sami abin da kowane mai sana'ar hannu ke mafarki: aiki tabbatacce, littafi ɗaya kowace shekara.

Na farko shi ne Labarai daga Dare Dubu da Ɗaya, a 1907, wanda Laurence Housman ya sake tsara labaransa, da hotuna 50 masu launi. Bai wuce shekara 25 ba a lokacin. Daga nan sai The Tempest na Shakespeare a 1908 da hotuna 40, sai Rubaiyat na Umar Khayyam a 1909 da hotuna 20, sai The Sleeping Beauty a 1910, tatsuniyoyin Hans Andersen a 1911, waƙoƙin Edgar Allan Poe a 1912, labarin Gimbiya Badura a 1913, da labaran Sindbad matuƙin jirgin ruwa a 1914.

Mu ma'aikata da muka san wahalar kammala rahoton ƙarshen shekara, mu ɗan yi lissafi. Hoto 50 a shekara ɗaya yana nufin kusan hoto ɗaya kowane mako, ba hutu. Kowane hoto kuwa sai an karanta labarin, an zaɓi wurin da ya cancanci a zana, an yi gwaji da fensir, an tsara tufafi da gine-gine, kafin a zo ga fenti. Fentin ruwa kuma ba ya yafe kuskure, in launi ya zauna a takarda ya zauna ke nan. Aljanin da muke kallo muna ganin kamar mafarki ne ya sauko takarda, ashe aikin mutum ne da ke zama a kan teburi tun safe, yana duban kalanda.

Ta fuskar salo, Rackham ya fi dogara da layin tawada, ya ɗan shafa launi a kai. Dulac kuwa launin ne ginshiƙinsa, shi ya sa sabuwar dabarar bugu ta dace da shi ƙwarai. Ya yi nazarin ƙananan zane-zanen da ke cikin tsofaffin littattafan Farisa da Indiya, da kuma zanen Jafan, kuma ana iya ganin tasirinsu yana ƙaruwa daga littafi zuwa littafi. A na 1907 duhu da shuɗi sun fi yawa. Zuwa na Sindbad a 1914 launuka sun yi haske, inuwa ta ragu, hoton ya koma kamar shimfiɗaɗɗiyar darduma.

A nan ya kamata in faɗi wata gaskiya. Mu da muka tashi da labaran Dare Dubu da Ɗaya a Hausa, muka kuma ji ɗanɗanonsu a cikin Magana Jari Ce ta marigayi Alhaji Abubakar Imam, in muka duba hotunan Dulac da idon manya za mu ga Bagadazar tasa ta Bature ce. Rawunan sun yi girman da babu kan da zai ɗauka, hancin wasu attajirai da ɓarayi an ja shi don a ba da dariya. Ya zana wa mai sayen littafi na Landan Gabas irin wadda yake so ya gani. Wannan ma yana cikin halin aikin kwangila, mai biya yana da hannu a cikin zane ko da bai taɓa buroshi ba.

Da kiɗa ya sauya

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914. Dulac ya ba da gudummawar zane ga littattafan da aka buga don tara kuɗin agaji, har a 1915 aka fitar da wani littafin hotunansa sukutum wanda ribarsa ta tafi ga ƙungiyar Red Cross ta Faransa. Amma yaƙin ya karya kasuwar da ke ciyar da shi. Takarda ta yi tsada, kuɗin aiki ya hau, masu sayen littafin alfarma sun ragu. Ya ƙara fitar da wasu 'yan littattafai, kamar Tanglewood Tales a 1918, amma tsarin littafi ɗaya kowace shekara ya mutu. Yana ɗan shekara 36 sana'ar da ya fi kowa iyawa ta daina biyan kuɗin haya.

Hausawa suka ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da Dulac ya yi a shekarun da suka biyo baya shi ne ya fi burge ni a duk tarihinsa. Bai tsaya yana jiran kasuwa ta dawo ba, kuma bai raina aiki ba. Ya yi zanen barkwanci na manyan mutane a wata jarida mai suna The Outlook. Ya zana hotunan attajirai da matansu. Ya tsara tufafi da kayan dandamali na wasan kwaikwayo, abin da ya fara tun 1916 lokacin da ya yi abin rufe fuska da tufafin wasan At the Hawk's Well na abokinsa mawaƙi W. B. Yeats. Ya zana katin karta, da kwalin cakulan, da lambobin girmamawa. Har ɗakin shaƙatawa ya tsara, mai adon ƙasar Sin, a cikin wani katafaren jirgin ruwa mai suna Empress of Britain da ya fara jigila a 1931. Jamusawa sun nutsar da jirgin a watan Oktoba na 1940, aikin ya tafi ƙarƙashin teku.

Abin da ya riƙe shi sosai shi ne wata kwangila daga Amurka. Daga 1924 ya fara zana bangon The American Weekly, wata mujalla da ake sakawa cikin jaridun William Randolph Hearst kowace Lahadi, ya kuwa ci gaba da yi musu aiki, ana yi ana tsayawa, sama da shekara 25. A nan ya koma ga abin da ya fi so, wato almara da tatsuniyoyi da labaran sarauniyoyin dā. Sai dai takardar jarida ba ta ɗaukar launi kamar takarda mai santsi, dole ya sauƙaƙa salonsa, ya ƙara kaurin layi, ya rage yawan launuka. Mutumin da a dā ake rufa wa hotonsa siririyar takarda don kada yatsa ya taɓa, yanzu ana karanta aikinsa ran Lahadi a jefar ran Litinin. Ya karɓa, ya kuma yi aikin da kyau.

Domin a ga bambanci, a dubi takwaransa Kay Nielsen, ɗan ƙasar Denmak, wanda littafinsa East of the Sun and West of the Moon na 1914 yake cikin mafi kyawun da aka buga a wancan zamani. Da kasuwa ta faɗi ya koma Amurka, ya yi aiki a kamfanin Disney a kan fim ɗin Fantasia, aka sallame shi a 1941, ya rasu cikin talauci a 1957. Baiwarsa ba ta gaza ta Dulac ba. Hanyoyin neman abinci ne nasa ba su kai na Dulac yawa ba, sa'a kuma ba ta yi masa rana ba.

Kan sarki

Matasan yanzu da ba su taɓa aika wasiƙa ta gidan waya ba watakila ba su san dalilin da ya sa muke ce wa 'yar takardar da ake mannawa a ambulan kan sarki ba. Malamanmu sun sani: a zamanin Turawa kan Sarkin Ingila ne ake bugawa a jiki. To, da Sarki Joji na Shida ya hau gado, Dulac ne ya zana kansa da aka yi amfani da shi a kan sarkin yau da kullum na ƙasar Birtaniya daga 1937, shi ne kuma ya tsara na bikin naɗin sarautar a watan Mayu na shekarar, mai farashin kwabo da ɗari. Mai zanen aljanu ya zama mai zanen kan sarki a zahiri. Wannan aiki ne da ba ya son almara ko kaɗan. Fili bai wuce girman babban yatsa ba, launi ɗaya ne, kuma sai hukumar gidan waya da fadar sarki sun amince kafin a buga.

A Yaƙin Duniya na Biyu aikinsa ya iso kusa da mu. Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, Janar De Gaulle ya kafa gwamnatin gudun hijira a Landan. A watan Agusta na shekarar, gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayansa, Kamaru ma ta bi. Waɗannan ƙasashe sun yanke hulɗa da gwamnatin da ke Faransa, saboda haka suna bukatar nasu kan sarkin da takardun kuɗi. Dulac, Bafaranshen da ke zaune a Ingila, shi aka ba aikin zana su. A kan sarkin yankin Afirka ta Tsakiya na Faransa, wanda Cadi ke ciki, ya zana tsuntsun almarar nan da ake cewa yana ƙonewa ya sake tashi daga cikin wuta. Ba mamaki wani Bahaushe ɗan kasuwa a Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, ya lashi wannan tsuntsu ya manna a wasiƙarsa ta zuwa gida, bai san hannun da ya zana shi ba. Har ila yau shi ya zana hoton Marianne, macen da ke wakiltar Jamhuriyar Faransa, wanda aka yi amfani da shi a kan sarkin Faransa bayan an kori Jamusawa.

Bayan yaƙi ya zana ɗaya daga cikin na wasannin Olamfik na Landan a 1948, da na bikin baje kolin Birtaniya na 1951. Wani kamfanin Amurka mai suna Limited Editions Club kuma ya dawo da shi ga littattafan alfarma, ya yi musu The Golden Cockerel na Pushkin a 1950. Ɗaya daga cikin ayyukansa na ƙarshe ga gidan waya shi ne kan sarkin sule da taro na bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Ya rasu da ciwon zuciya ran 25 ga Mayu, 1953, yana da shekara 70. An yi naɗin ran 2 ga Yuni, aka fitar da kan sarkin washegari, kwana 9 bayan rasuwarsa. A kan teburinsa akwai hotunan Comus na John Milton da bai ƙarasa ba, aka buga littafin a 1954 da abin da ya samu ya gama.

Kammalawa

Yanzu bari in faɗi dalilin da ya sa na kawo wannan tarihi. A ajinmu akwai wani ɗan uwa da kowa ya san shi da zane. Bayan littafin lissafinsa cike yake da dawakai masu fukafukai da dodanni, ya kuma sha bulala a kan haka. Shi ne ke zana taswira a allo in malami ya gaji, shi ke rubuta allon maraba ranar ba da kyaututtuka. Ba zan kama suna ba, duk mun san shi. Yau da zane yake ciyar da iyalinsa: bangon littattafan marubuta, allunan shaguna, hotunan littattafan yara.

Lokacin da muka shirya taron cika shekara 10 da gama makaranta, ni ne ma'ajin kwamiti. Mun ware kuɗin abinci, da na kujeru da rumfa, da na mai ɗaukar hoto, da na maɗaba'ar da ta buga kalanda. Shi kuwa da ya ɓata mako 2 yana zana tambarin ajinmu da hoton ƙofar makaranta da ke jikin kalandar, ban rubuta masa ko sisi ba. Na kira shi a waya na ce, "Ɗan uwa, Allah ya saka da alheri, ai kai wannan abu ba ya ba ka wuya." Ya ce, "Amin, ai yi wa kai ne." Sai da na karanta yadda Dulac ke fitar da hoto ɗaya kowane mako na gane nauyin abin da na faɗa. Na biya mai ɗaukar kujera, na hana wanda ya yi aikin da har yau yake rataye a ɗakunanmu. Laifin nawa ne, na kuma je har shagonsa na nemi afuwa.

Ga shi kuma kiɗa ya sake sauyawa. Yanzu akwai manhajojin kwamfuta da ake rubuta musu 'yan kalmomi su fitar da hoto nan take, masu ba da aikin bango da talla da yawa sun fara komawa can. Irin guguwar da ta tashi Dulac daga littattafan alfarma ce take kaɗa masu zanenmu a yau. Shi ya tsira saboda an koya masa sana'ar tun daga tushe, ta yadda hannunsa zai iya juyawa daga aljani zuwa kwalin cakulan zuwa kan sarki, kuma saboda a kowane mataki ya sami wanda ya ba shi aiki ya biya.

Saboda haka ina da shawara guda biyu ga babban taronmu mai zuwa. Ta farko, duk aikin zane da ƙungiya za ta bayar, ko ga ɗan ƙungiya ne, a sa kuɗinsa a kasafi kamar sauran ayyuka, kuma a fara da biyan bashin kalandar nan. Ta biyu, a cikin ayyukan da muke yi wa makaranta a sa gyaran ɗakin zane, wanda a ziyarata ta ƙarshe na tarar an tara karyayyun kujeru a ciki, a sayi takarda da fensir da fenti, a kuma nemi ɗan uwan namu ya riƙa zuwa yana koyar da yara, a kan lada. Na tabbata yanzu haka akwai wani yaro a aji ɗaya da ke zana doki mai fukafukai a bayan littafin lissafi.

Shi kuwa tsohon littafin na laburare, na tambaya an ce yana nan a cikin kabad, sai dai wasu hotunan sun ɓalle. Duk wanda ya san inda suke, ƙofar mayarwa a buɗe take, ba za a tambayi kowa komai ba. Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya ɗaukaka makarantarmu, amin.